Kasuwanni da Abincin Teku a Ayilan: Tambayoyi da Amsoshi ga Matafiyi Mai Son Abinci

Wannan shafi na mutumin da idan ya sauka a baƙon gari kasuwa yake fara tambaya kafin gidan tarihi. Ayilan tsibiri ce a yamma da Birtaniya, tekun Atlantika na dukanta dare da rana, kuma abin da ake fitarwa daga wannan ruwa mai sanyi shi ne mafi daɗin abin da ƙasar ke sawa a faranti. Ga tambayoyin da mutanenmu suka fi yi kafin su ɗaura niyya.

Ayilan kuma? Ba dankalin turawa kaɗai suke ci ba?

Dankali na nan daram, ba a raba su da shi. Amma ƙasar da ruwan sama ba ya yanke mata ba ta rasa ciyawa, shanunsu kuma a fili suke kiwo mafi yawan shekara, shi ya sa man shanunsu yake rawaya shar, cukunsu kuma ya yi suna. Ta gefen teku akwai ƙaguwa, jatan lande, kawa, lobsta, da kifaye iri-iri. Girkinsu ba mai tarkace ba ne: man shanu, gishiri, lemun tsami, wani lokaci tafarnuwa, shi ke nan. Duk ƙarfin abincin yana ga kyawun kayan da aka dafa, don haka inda ka ci ya fi abin da ka ci muhimmanci. Kifin da aka sauke da safe a ci shi da rana a bakin tasha daban yake da wanda ya kwana uku a hanya.

Wadda ta fara ɗaga darajar wannan irin girki ita ce Myrtle Allen, matar wani manomi a gabashin Cork. A 1964 ta buɗe ɗakin cin abinci a gidansu na Ballymaloe, tana dafa abin da gonarsu ta bayar da abin da masuntan Ballycotton suka kamo a ranar, a zamanin da ake ganin sai girkin Faransa ne girki. Surukarta Darina Allen ta buɗe makarantar koyon girki a 1983. Yawancin abin da za ka yaba a kasuwannin kudancin ƙasar, saiwarsa na komawa can.

Ni Musulmi ne. Zan samu abin da zan ci hankalina kwance?

Za ka samu, kuma a nan ne bakin teku ya fi maka ko'ina sauƙi. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida, aya ta 96, ya halatta farautar teku da abincinsa, hadisi kuma ya ce teku ruwansa mai tsarki ne, mushensa halal ne. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, ƙaguwa da jatan lande da kawa duk sun shiga ciki. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, don haka idan kana tafe da aboki ɗan Pakistan ko Turkiyya kada ka yi mamaki in ya janye hannu.

Matsalar ba daga teku take ba, daga tukunya take. Ga wuraren da ake tuntuɓe:

Miyar da suke kira chowder, mai kauri, ta kifi da dankali da kirim, tana kusan kowane gidan abinci na gaɓar teku, ita ce kuma abin da jiki ke so a ranar sanyi. Sai dai masu girki da yawa suna fara ta da soya gutsattsarin naman alade, wasu kuma su zuba farar giyar inabi. A ido ba za ka gane ba. Haka ƙananan baƙaƙen kawa masu dogon ɓawo da ake kira mussels: girkinsu na yau da kullum da giyar inabi ne ko giyar tuffa. Ƙullun da ake tsoma kifi a ciki kafin a soya, wasu da giya suke kwaɓa shi don ya yi garas-garas. Baƙin burodinsu na alkama asalinsa da madara mai tsami da soda ake yi, ba komai a ciki, amma akwai irin da ake sa wa baƙar giya. Naman kawa mai faɗi da suke kira scallops kuwa sun saba haɗa shi da tsiran jinin alade a faranti ɗaya. Akwai kuma shagunan kifi da dankali na gargajiya da ke suya da kitsen saniya, wanda ba yankan Musulmi ba ne. Wannan kowa ya san fatawar da yake bi.

Doka ta tilasta wa masu sayar da abinci su rubuta abubuwa 14 masu tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, kamar gyaɗa, madara, ƙwai da alkama. Naman alade da giya ba sa cikin jerin. Saboda haka takardar ba za ta cece ka ba, bakinka ne zai cece ka. Matambayi ba ya ɓata: ka ce ba ka cin alade, ba ka son giya ko da a girki. Ban ga inda aka ɗauki wannan tambaya da zafi ba. Sau da yawa mai hidima zai shiga kicin ya dawo da amsa, mai girki kuma ya dafa maka naka daban da kirim da tafarnuwa. Mafi kwanciyar hankali shi ne gasasshen kifi da man shanu, ko ƙafafun ƙaguwa da tafarnuwa, ko kawa ɗanya, inda ba abin da zai ɓuya.

Yaya zan tsara tafiyar?

Da ranakun kasuwa, ba da taswira ba. Banda manyan kasuwanni masu rufi, yawancin kasuwannin manoma sau ɗaya suke ci a mako, da hantsi, kafin la'asar an watse. Kinsale na ci ranar Laraba, Mahon Point da ke Cork ranar Alhamis, Bantry da Dingle ranar Juma'a, ta lambun shaƙatawa na Dún Laoghaire kusa da Dublin ranar Lahadi. Asabar ce mai cunkoso: Galway, Midleton, Skibbereen da Milk Market ta Limerick duk a rana ɗaya suke cika, kuma ba a bin biyu a safiya ɗaya. Ka ƙirga Asabar nawa ke cikin tafiyarka, ka raba musu, sannan ka cike sauran ranakun.

Jirgin ƙasa daga tashar Heuston a Dublin na kai mutum Cork ko Galway cikin awa biyu da rabi ko kusa da haka. Daga nan zuwa ƙauyukan masunta sai mota ko bas. Hanyar gaɓar yamma da suka sa wa suna Wild Atlantic Way a 2014 ta kai kilomita 2,500, daga Donegal a arewa zuwa Kinsale a kudu. Kada ka ce sai ka ƙure ta. Hanyoyin ƙanana ne masu kwana-kwana, a hannun hagu ake tuƙi, kuma wanda ya wuni a mota bai ci komai ba. Yanki ɗaya ko biyu sun isa.

Idan kasuwa ɗaya kawai zan iya shiga, wacce ce?

English Market ta birnin Cork, ba tantama. Tana ci tun 1788, gobara ta cinye wani ɓangarenta a 1980 aka sake gina shi, kuma har yau kasuwar cefanen mutanen gari ce, ba wurin ɗaukar hoto kawai ba. Litinin zuwa Asabar take buɗewa. Idan ka shiga ta ƙofar Princes Street za ka tarar da maɓuɓɓugar ruwa ta ƙarfe a tsakiya, a samanta kuma gidan abinci na Farmgate, inda za ka zauna kana kallon hada-hadar ƙasa.

Ka wuce kai tsaye layin masu kifi. Doguwar kanta ce shimfiɗe da niƙaƙƙiyar ƙanƙara, kifaye jere a kai. Ga monkfish, mai ƙaton kai da baki kamar zai haɗiye hannunka, wutsiyarsa aka fi ci, namanta fari ne mai tauri ba ƙaya. Ga hake, dogo mai launin azurfa, wanda Sifaniyawa ke saye da yawa daga tashar Castletownbere. Ga faifayen kifaye masu ido biyu a gefe ɗaya. Ka tsaya ka kalli hannun mai yanka: wuƙa ta shiga bayan kai, ta bi ƙashin baya sau ɗaya, tsoka ta faɗo gefe, ya juya kifin ya maimaita, yana yi yana hira da tsohuwar da ke jira, yana gaya mata minti nawa za ta bar shi a kasko. Abin da ya fi burge ni shi ne hancinka ba zai ji ƙarni ba, sai ƙanshin ruwan gishiri. A wannan layi ne aka ɗauki hoton nan da ya zaga duniya a watan Mayun 2011, na Sarauniya Elizabeth ta Biyu tana ƙyalƙyala dariya da mai kifi Pat O'Connell, a ziyarar farko da wani mai sarautar Birtaniya ya kai ƙasar tun bayan samun 'yancinta.

Akwai abubuwan Cork na gado da za ka gani. Ƙwai mai man shanu: ana shafe ɓawon da man shanu tun yana da ɗumin kaza, man ya toshe ƙofofin ɓawon, ƙwan ya daɗe bai lalace ba, ya kuma ɗauki ɗanɗanon man. Dabarar masu doguwar tafiyar teku ce ta zamanin da ba firji, ka saya ka dafa. Akwai tumbi, da wani tsiran da ake kira drisheen, wanda da jini ake yin sa, don haka ba namu ba ne.

Idan da sauran lokaci, ka haura unguwar Shandon ka ga gidan tarihin man shanu. A ƙarni na 19 kasuwar man shanu ta Cork ce mafi girma a duniya, daga nan ake loda ganguna zuwa ƙasashe masu nisa.

Dublin fa? Ko sai na fita daga birnin?

A cikin birni ka leƙa Moore Street. Tsohuwar kasuwar titi ce ta mata masu teburan kayan lambu, a wani gida na wannan titin ne kuma jagororin boren neman 'yanci na 1916 suka yanke shawarar miƙa wuya. Ta ragu ƙwarai daga yadda take a da, amma yanzu shagunan 'yan Afirka da Asiya sun zagaye ta, a nan za ka samu attaruhu, manja da naman halal. Wajen South Circular Road, kusa da Masallacin Dublin, ma akwai mahauta Musulmi. Mai son kifi da dankali na gargajiya kuwa, shagon Leo Burdock kusa da cocin Christ Church yana suya tun 1913.

Amma kifin Dublin na gaskiya yana Howth, rabin awa a jirgin ƙasa na DART. Kana fitowa daga tasha ka juya hagu, ga West Pier: jiragen masunta a ɗaure a hannu ɗaya, shagunan kifi da gidajen abinci a ɗaya hannun. Abin nema a nan shi ne jatan landen da ake kira Dublin Bay prawn, siriri mai launin ruwan lemo da dogayen hannuwa. Ana karya kan, a matse ɓawon ya tsage, a zaro farar tsokar wutsiya mai zaƙi-zaƙi. Kaso mai yawa na abin da ake kamawa Italiya da Faransa ake kai shi, ga shi kai kana ci a inda aka sauke. Ka riƙe takardar dankalinka da kyau, tsuntsayen teku na wurin suna fizge abinci daga hannun mutum.

Da gaske ɗanyar kawa ake ci? Ba ta cutarwa?

Da gaske ne, da ranta ma. Ana zura gajeriyar wuƙa a mahaɗar ɓawon, a murɗa, a yanke jijiyar da ta riƙe shi, a miƙo maka a kan ƙanƙara da yankin lemun tsami. Ka matsa lemun, ka kai baki, ka tauna sau biyu ko uku kafin ka haɗiye. Farko gishirin teku za ka ji, daga baya wani ɗanɗano mai sanyi ya biyo. Wasu daga ta farko suke kamuwa, wasu kuma ba su ƙara. Gani ya kori ji.

Iri biyu ne. Akwai 'yar ƙasa, mai faɗi da zagayayyen ɓawo, mai jinkirin girma da tsada, wadda ake ci daga Satumba zuwa Afrilu kaɗai saboda a watannin zafi take hayayyafa. Akwai kuma ta tekun Fasifik mai zurfin ɓawo, da aka shigo da ita wajen shekarun 1970, ana kiwonta a jakunkunan raga a bakin ruwa, ana samunta duk shekara. Gidan 'yar ƙasa shi ne kudancin mashigin Galway, wajen Clarenbridge da Kilcolgan, inda ruwan daɗi da ya ratso duwatsun Burren ke haɗuwa da na gishiri. A Kilcolgan akwai Moran's, tsohon gida mai rufin ciyawa a bakin ruwa. Bikin kawa na Galway, da aka fara a 1954, ana yin sa a ƙarshen Satumba, har da gasar saurin buɗe ɓawo tsakanin ƙasashe. Ka sani dai al'adarsu ita ce haɗa kawa da baƙar giya, bikin kuma cike yake da shaye-shaye. Wanda wannan ya dame shi ya je kasuwar Asabar da ke gindin cocin St Nicholas, ginin 1320, ya ci tasa a tsaye da rana tsaka.

Game da lafiya, wadda ake sayarwa ta fito ne daga ruwan da hukuma ke gwadawa. Duk da haka mai juna biyu, da tsoho mai rauni, da wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, su ci dafaffiya.

In na ga kawa manne da duwatsu a bakin teku, zan iya ɗiba in dafa?

A'a. Akwai lokutan da wasu ƙananan halittun ruwa masu dafi ke yawaita, kawa ta tace su ta tara dafin a jikinta, kuma wuta ba ta kashe shi. Cibiyar binciken teku ta ƙasar na auna ruwa tana rufe wuraren da abin ya shafa, baƙo kuwa da wuya ya san ina aka rufe. Ka saya a kasuwa. Wadda ɓawonta ya buɗe kafin dahuwa kuma ta ƙi rufewa in an ƙwanƙwasa, a zubar.

An ce kifin ƙanƙarar da muke ci a gida daga can yake zuwa. Haka ne?

Wani ɓangarensa, e. Titus ɗin da ake soyawa a Kano da Kaduna kifin arewacin Atlantika ne, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayen irin wannan kifi daga Ayilan, tare da kote da wani farin kifi ɗan siriri da ake kamawa da yawa a yammacin tsibirin. Norway da Holan da wasu ƙasashe ma suna aikowa, ba Ayilan kaɗai ba. Cibiyar wannan sana'a ita ce Killybegs a gundumar Donegal, tashar kamun kifi mafi girma a ƙasar. Jiragen wurin manya ne ƙwarai, da tankunan ruwan teku mai sanyi a cikinsu, suna fita daga kaka zuwa bazara, a tsotso kifin da bututu zuwa masana'anta, a daskarar, a zuba a kwali. In ka je a watannin zafinsu za ka tarar da su a ɗaure a jere. Garin ya ji jiki bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, domin yarjejeniyar 2020 ta zaftare wa Ayilan kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kason Titus da aka yarda ta kama.

Shawarata ita ce ka ci Titus ɗanye shar wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba. A Yuli da Agusta yana matsowa gaɓa, za ka ga yara da iyayensu a kan gadojin tasha da sandar kamu, ƙugiyoyi jere da gashin tsuntsu, suna ɗago uku ko huɗu a jefa ɗaya. Bayansa kore ne da shuɗi yana walƙiya, tsokar a tsaye. A gasa shi a ranar da gishiri kawai. Kifi ne mai mai da ke saurin sauka, shi ya sa wanda bai ci shi a bakin ruwa ba bai gama saninsa ba.

Kyafaffen kifinsu irin bandarmu ce?

Ba ɗaya ba ne. Banda wuta da hayaƙi ke busar da ita har ta yi tauri ta jure wata da watanni. Nasu kifin salmon ɗin gishiri ake fara sa masa, sannan a bar shi cikin hayaƙin itacen oak mai sanyi, ƙasa da digiri 30, don haka ba ya dahuwa. Yana fitowa da laushi da santsi, a yanka shi siriri a ɗora kan baƙin burodi da man shanu, kuma dole ya zauna a firji. Akwai na hayaƙi mai zafi, wanda ya dahu, shi ya fi saurin shiga bakin mutanenmu. Da shi ko da kyafaffen Titus za ka fara.

Tun 2007 aka hana kama salmon da dogayen komaye a cikin teku saboda ya yi ƙaranci, don haka na daji kaɗan ne kuma da tsada. Yawanci na kiwo ne. Ka karanta takarda ka ga inda aka yi kiwon kifin, domin wani daga waje aka kawo shi, hayaƙin kawai aka yi masa a Ayilan. Ka kuma duba ko an jiƙa shi da wuski, akwai masu yin haka. Burren Smokehouse a Lisdoonvarna, da aka kafa a 1989, na karɓar baƙi su ga yadda ake aikin, Frank Hederman kuma, mai gidan hayaƙi kusa da Cobh, kayansa na kasuwar Cork da ta Midleton.

Me ya sa mutanen da teku ya kewaye suka fi son nama, suna fitar da kifinsu waje?

Wannan tambaya tana da nauyi. A babbar yunwar 1845 zuwa 1852, da cuta ta lalata dankali, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura. Ana yawan cewa, ga teku, me ya hana su su? Talakan yamma ɗan kwalekwale gare shi na katako da aka lulluɓe da fata ko zane mai kwalta, ba ya iya shiga zurfin Atlantika da hunturu, da yawa kuma sun jinginar da komarsu tun shekarar farko don sayen hatsi. Waɗanda ke gaɓa sun kankare duwatsu, sun ci kawa da ciyawar teku har suka ƙare. Bayan yunwar, abincin bakin teku ya zama tambarin talauci a idon jikokinsu. Ga kuma cocin Katolika da ta hana cin nama ranar Juma'a, sai kifi ya zama abincin kame baki, ba na marmari ba. An ɗauki tsawon zamani kafin wannan kallo ya sauya, har yanzu kuma manyan motoci na kwasar ƙaguwa da lobsta zuwa Faransa da Sifaniya. Idan ka ga matashi a kasuwa yana alfahari da ciyawar tekun da ya tsinko, ka san akwai tarihi a bayan wannan alfahari.

Ciyawar teku kuma ci ake yi?

Ana ci. Dillisk ja ce mai duhu, ana shanya ta a tauna haka nan, gishiri-gishiri. Carrageen kuwa ana tafasa ta da madara, ta saki wani yauƙi da ke daskarar da madarar in ta huce, a ci da zuma. Tsofaffi na dafa ta da lemun tsami don tari. Ba ta da nauyi a jaka, tsaraba ce mai kyau.

Wane yanki ne ya fi ga wanda ke da mako ɗaya?

Ni Cork da yammacinta zan zaɓa. Kwana biyu a birni, sannan Kinsale, ƙaramin gari mai gidaje masu launi-launi da ya daɗe da suna a girkin kifi, inda Fishy Fishy na Martin Shanahan yake. Daga nan ka bi gaɓa ta Union Hall da Skibbereen zuwa Bantry, inda za ka hango layukan ganguna a kan ruwa, igiyoyi na lilo a ƙarƙashinsu, mussels manne da su. Yankin nan ne kuma mahaifar sabon cukun gona na Ayilan: Veronica Steele ta fara cukun Milleens a 1976 a yankin Beara, Durrus da Gubbeen suka biyo baya. Masu sayar da cuku sukan yanko maka ɗan ɗanɗano a bakin wuƙa. Mai taka-tsantsan ya tambaya ko da sinadarin cikin ɗan maraƙi aka daskarar da madarar ko da na tsiro, sun san amsar.

Ana ciniki a kasuwanninsu?

Ba a yi. Kuɗi a rubuce yake, tayi kuma zai ba mai kaya kunya. Abin da ake samu kyauta shi ne hira da ɗanɗano. Ka tambayi mai kifi me ya shigo yau, ka bar shi ya zaɓa maka, sau da yawa zai nuna maka mai araha da ya fi mai tsadar kyau. Ka tafi da jakarka, tun 2002 ake biyan haraji a kan leda. Kati na aiki kusan ko'ina, amma 'yan kuɗin Yuro a aljihu na da amfani a ƙananan rumfuna. Don rage kashe kuɗi, ka ci babban abincinka da rana, ko ka kama masauki mai kicin ka dafa cefanenka.

Zan iya tafiya da kilishi da yajina?

Kilishi, dambun nama da man shanu, a'a. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga waje, za a karɓe a filin jirgi. Niƙaƙƙen yaji ba nama ba ne, ka ƙulle shi da kyau ka tafi da shi, za ka gode wa kanka, domin barkono ba ya cikin girkinsu. Sai dai ka ɗanɗana ƙaguwar tukuna kafin ka barbaɗa. Zaƙinta mai sanyi ne, yaji na iya binne shi.

Biza fa? Kuma zan iya leƙa Belfast?

Ayilan ba ta cikin tsarin Schengen, don haka bizar Faransa ko Jamus ba ta shigar da kai. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Ayilan ta kanta, ana cike takardar a intanet, ƙasar kuma tana da ofishin jakadanci a Abuja. Belfast na Ayilan ta Arewa ne, ƙarƙashin Birtaniya, da fam ake ciniki, bizar Birtaniya ake buƙata. Ba shinge a kan iyaka, bas na wucewa ba tsayawa, amma tsallakawa ba biza laifi ne da zai iya ɓata maka tafiye-tafiyen gaba. Wanda ke da bizar biyu ya je St George's Market, ginin jan bulo na shekarun 1890, mai ci Juma'a zuwa Lahadi. Safiyar Juma'a ce ranar kifi.

Wane wata ya fi dacewa?

Satumba. 'Yan yawon buɗe ido sun ragu, kawa 'yar ƙasa ta dawo, ƙaguwa ta cika, kasuwanni na maƙare da tuffa da sabon dankali. Bukukuwan abinci na Dingle da Kinsale na biyowa a Oktoba. Mayu da Yuni ma suna da kyau, sai dai a Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, Magariba da Isha su yi nisa, Asuba ta yi sammako, don haka ka sauke jadawalin salla na garin da kake a waya. A Disamba kuwa ƙarfe 4 na yamma duhu ya fara, gidajen abinci da yawa na ƙauyukan gaɓa suna rufewa, guguwa kuma na hana jirage fita kwana da kwanaki. Ko a wane wata ka je, ka sa rigar ruwa a jaka. Idan gidan abinci ya ce maka yau ba wani kifi saboda iska ta hana masunta fita, ka zauna ka ci abin da suke da shi, alama ce ta cewa daga jirgi suke saye ba daga firji ba.